Mai Riƙe wa Ɓera Aiki

Ranakun aiki da yawa sun ɓace mini, amma safiyar da labarin tunku ya iso magazarmu, wato ɗakin ajiyar hatsin gwamnati, tana nan daram. Ina tsaye gaban sikeli, 'yan dako na sauke kamyo, babbar motar kaya, sai ga sojan da ke tsaron ƙofa ya zo ya ce Lajidan, sojan da ke shugabantarmu, na kiran kowa da kowa. Muka bar buhu a kan sikeli muka tafi. A lokacin ba a ce wa soja "bari in gama."

Lajidan na tsaye bakin biro, wato ofishinsa, da takarda a hannu. Ya ce nan da kwana goma za a kawo mana sababbin ma'aikata guda bakwai, aikinsu kashe ɓeraye. Muka tsaya jiran sunaye. Sai ya ce, "Tunku."

Illa mai ɗinkin buhu, Allah ya jiƙansa, ya ɗaga hannu kamar ɗan lakwal, wato ɗan makarantar boko.

"Mon ajidan, su ma da galo a kafaɗa za su zo, ko farar hula ne irinmu? Don mu san wa zai fara gaida wani."

Ba wanda ya yi dariya sai da Lajidan ya yi.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, bari in shimfiɗa yadda abin yake. Shekarar 1974 ce. Fari ya ci ƙasa shekaru a jere, dabbobi sun ƙare a arewa, mutane sun kwararo Yamai. A watan Afrilu sojoji suka karɓi mulki, kuma babban abin da suka ce ya fito da su daga bariki shi ne hatsin taimako da ba ya isa bakin masu yunwa. Don haka aka ɗora soja a kan harkar hatsi. Magazarmu tana can bayan kasuwar Katako, dogon gini mai rufin kwano, cike da jar dawar nan da ake kawowa daga waje. Mu aka ba mu lajidan, wato soja mai muƙami sama da sarjan, ƙasa da hafsa, irin wanda ya daɗe a bariki har ya san komai ban da abin da aka aiko shi ya yi. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa na nan cikin gari. Ba ɓarawo ba ne, wannan na shaida. Ko ƙwaya ɗaya bai taɓa kai gidansa ba.

Ni shekarata ashirin da huɗu, mataimakin magaziniye ne, wato mai kula da magaza, awo da lafiyar ginin suna hannuna. Lakwal shekara shida na yi a Zongo, inda mahaifina ya zauna tun da ya baro Maraɗi. Illa ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar. Ina ce masa Yaya Illa, shi kuwa ya ce mini Mushe, wato yallaɓai da Faransanci, don ni kaɗai ke soka alƙalami a aljihu. Aikinsa shi ne ya bi jerin buhuna da basilla da zare, duk wanda ɓera ya huda ya ɗinke, ya share abin da ya zube. Shekara goma sha ɗaya yana wannan.

Illa Bagobiri ne, Lajidan kuwa Bazabarme haifaffen Yamai. Kun san tsakaninsu, taubasai ne, kowa na kiran ɗan'uwansa bawa. Shi ya sa Illa ke faɗa masa maganar da in ni na faɗa sai an aske mini kai da kwalba. Lajidan kan harare shi ya ce, "Bagobiri, wata rana bakinka zai kai ka inda ƙafarka ba ta so." Illa ya ce, "In dai bawana ne zai ɗauke ni a mota, ai ƙafa ta huta."

Yanzu maganar shara, don ita ce gindin labarin. Dokar magaza tun kafin sojoji ita ce, hatsin da ya zube ƙasa daga buhun da ɓera ya huda ba ya komawa buhu. Ya haɗu da kashin ɓera da ƙura, masu kula da tsabta sun hana. Sai a share a fitar. A takarda sunansa shara. A bakin ƙofar baya sunansa tuwo.

A wannan ƙofar kullum bayan la'asar akwai mata wajen ashirin a zaune. Su ne marasa kati. Rabon hatsi da kati ake yinsa, katin kuma da sunan maigida. Wadda mijinta ya bi sauran dabbobinsa kudu bai dawo ba, ko ya mutu a hanya babu mai shaida, in ta je wurin rubuta suna sai a ce ta je ta zo da shi. Shugabarsu wata tsohuwa ce daga wajen Filinge, Inna Zali, mai jikoki uku. Ita ke karɓar sharar daga hannun Illa, ta raba da gwangwanin tumatir, ba faɗa ba hayaniya. Su je su sheƙe, su wanke sau uku, su shanya, su daka. Tiya goma kan fito a rana, wata rana goma sha biyar. Duk cikin masu hulɗa da hatsin gwamnati, ɓera kaɗai ne bai taɓa tambayarsu kati ba.

Dabarar tunku ba a kan Lajidan ta tsiro ba. Wani Bature ne na masu kawo taimako, mai Turancin Ingilishi, ya zo zagaye da tafinta, ya ga buhuna a huje, ya ce ya taɓa karantawa an kai wata dabba gonakin rake a wata ƙasa don ɓeraye. Bai faɗi yadda aka ƙare ba, Lajidan kuma bai tambaya ba. Baturen ya zana dabbar a bayan ambulan, 'yan dako suka duba suka ce tunku ne. Tafinta ya gaya mana ko Baturen bai tabbata yadda ake kiran dabbar da harshensu in ta wuce ɗaya ba, iri biyu ya faɗa. Mu ma muka ɗan taɓa gardamar, wasu na cewa tunkaye, wasu tunkuna. Illa ya raba mu.

"Ku daina wahala. Tun da aka shimfiɗa duniya ba wanda ya taɓa bukatar tunku fiye da ɗaya sai Bazabarme. Ku bari ya raɗa musu suna, 'ya'yansa ne."

Wani maharbi daga ƙauyukan bakin kogi ne ya kamo su, ya kawo cikin akurki bisa amalanke. Tun kafin amalanken ya shigo warinsu ya riga shi sallama. Maharbin ya gargaɗe mu da kaji. Ya ce tunku in yana son kaza ba ya binta da gudu, kwanciya yake ya buɗe bayansa ja wur kamar wani abin ci, kaza ta zo tsattsaga, ya juyo ya cafke wuyanta. Ko gaskiya ne ko hirar maharba, ban sani ba. Illa dai ya girgiza kai ya ce, "Wanga ai ya san siyasa. Mi ya kawo shi aikin magaza?"

Lajidan ya yi abin a tsare, irin na soja. Ni aka sa na toshe duk wani rami na bango da siminti, na buga kwano a ƙasan ƙofofi don kada ma'aikatan su gudu. Aka ba kowannensu lamba, daga ɗaya zuwa bakwai, aka shafa musu fenti a gadon baya. Aka naɗa Illa shugabansu. Kafin su saba da wurin, Lajidan ya yanka wa kowane tunku ƙwai ɗaya da busasshen kifi kowace safiya, aka rubuta haka a kwali aka manna a bango. Ran da aka manna, Illa ya daɗe tsaye gabansa ko da yake bai iya karatun boko ba.

"Mushe, karanta mini."

Na karanta.

"To, madalla," in ji shi. "Lamba biyar na da kati. Inna Zali ba ta da."

Wannan karon bai yi dariya ba, ni ma ban yi ba.

Abin haushi, dabarar ta ci. Duk mun zuba ido mu ga Lajidan ya kunyata, sai ga shi cikin mako uku ɓeraye sun ƙare. Waɗanda ba a cinye ba wari ya kore su, ramukan dawowa kuma na toshe da hannuna. Buhuna suka zauna lafiya lau. Lajidan ya aika rahoto sama, ya fara tafiya kamar wanda ya ci yaƙi. Shara kuwa ta sauko daga tiya goma zuwa huɗu, zuwa ɗaya, zuwa abin da bai cika tafin hannu biyu ba.

Ina wurin ran da Illa ya fita da wannan ɗan abin a gindin kwano. Matan suka miƙe kamar kullum, suka leƙa, suka koma suka zauna. Inna Zali ta dube shi.

"Ɗana, ɓerayen naku azumi suke yi?"

"Inna, an kawo musu soja."

"Su ma?"

Ta karɓi kwanon, ta duba gwangwaninta, ta ga ko cika shi ba zai yi ba. Ta miƙa wa wata mai goyo duka. Ba ta roƙi komai ba. Ta ce, "Allah ya kai mu gobe," suka watse. Gobe suka dawo, jibi ma haka, suna zama har magariba ta gabato, su tashi hannu wofi.

Na ce wa Illa ko mu gaya wa Lajidan. Ya ce ya riga ya gaya masa, cikin wasa da kuma ba cikin wasa ba. Amsar ita ce, mai yunwa ya je ya yi kati, magaza ba gidan sadaka ba ce, kuma sojoji ba su zo don su ci gaba da sakacin farar hula ba. Ta fuskar doka ba inda ya kauce.

Bayan kamar kwana goma sai huji ya dawo. Buhu biyar yau, takwas gobe, duk a kusurwar ƙasa inda ɓera ke so, zaren buhun a tsattsage kamar aikin haƙori. Shara ta koma tiya takwas, tara. Illa ya koma ɗinki, mata suka koma daka. Na ce a raina ɓeraye sun saba da warin. Ban zurfafa tunani ba. Yau in aka rantsar da ni, ba zan iya cewa ban sani ba ne ko ban so in sani ba.

Lajidan ya ɗauki abin a matsayin rashin ɗa'a cikin runduna. Da farko ya ce ƙoshi ne ya lalata su, ya soke ƙwai. Huji bai tsaya ba. Ya soke kifi. Bai tsaya ba. Ya sa aka tsare lamba biyu da lamba huɗu cikin akurki kwana uku, a tsakiyar magaza, don sauran su ga aya. Kowace safiya Illa kan ƙame gabansa, ya sara masa da basilla a hannu, ya ba da rahoto.

"Mon ajidan, bakwai cif, ba wanda ya gudu. Lamba huɗu ya yi nadama, yana neman afuwa. Lamba biyu ya ce sai ya ga kaftin."

"Bagobiri, fita kafin in haɗa ka da su."

"In da ƙwai, ai ba sai an tura ni ba."

'Yan dako sukan cusa rawani a baki. Ni ma na yi dariyata. Waɗannan kwanakin su ne na ƙarshe da na ji magazar nan da daɗi.

Sai labari ya zo cewa kaftin da kansa zai zo ranar Litinin ya ga magazar da ba ɓera, don a kwaikwaya a sauran wurare. Ranar Alhamis da hantsi, Illa ya tafi Katako sayen zare, Lajidan ya kira ni cikin magaza. Ya ja ni har gaban wani buhu da aka huda, ya nuna da sandarsa. Fuskarsa ba alamar wasa, ni kuma ba taubashinsa ba ne.

"Kai aka ba toshe ramuka."

"Ni ne, mon ajidan."

"To, ta ina suke shigowa? Ko ka sayar da simintin ka shafa laka? Ka san inda masu wasa da hatsi suke kwana yanzu? In kaftin ya zo ya ga huji ɗaya, kai za ka yi masa bayani, a bariki."

Ina da amarya da tsohon ciki a lokacin, ga mahaifina ya daina fita. Ba uzuri nake kawowa ba, ina faɗin abin da ke cikin kaina ne. Na tsuguna don in nemo ramin da zan nuna masa, na duba gindin buhun, na duba ƙasan katakon da ake jera buhuna a kai. Hatsi ne a zube, tsaf, kamar an wanke. Sai na ji bakina ya yi magana, har da ɗan alfahari irin na wanda ya san aikinsa.

"Mon ajidan, siminti na nan lafiya. Babu ɓera a ɗakin nan. Duba ƙasa, ko kashi ɗaya babu. Ɓera ba ya ci bai bar kashi ba."

Ban rufe baki ba na gane abin da na faɗa. Lajidan ya sunkuya, ya tona hatsin da bakin sanda, ya daɗe. Ya miƙe ya ce, "Je ka aikinka."

Ina da sauran ranar Alhamis duka da safiyar Juma'a. Illa ya dawo da zarensa, ya ɓare goro ya ba ni rabi. Kalma uku sun isa: "Yaya, bari haka." Amma in na faɗa, na nuna na sani, kuma sai ya tambaye ni yadda Lajidan ya gane. Na ce a raina bari in sami wuri mai kyau. Ban samu ba.

A zamanin ana tashi aiki sha biyu da rabi, a koma uku da rabi. Illa ba ya zuwa gida unguwar Yantala da rana, a magaza yake hutawa, wai don ya shayar da rundunarsa. Ranar Juma'a Lajidan ya sa soja ya hau saman jerin buhuna ya kwanta tun kafin a tashi. Da muka dawo da yamma muka tarar da Illa zaune a ƙasa bakin biro, soja tsaye a kansa. A kan tebur ga basilla da wani guntun zarto. Da basilla yake jan zaren buhu ɗaya bayan ɗaya, ya goga zarton a bakin hujin har ya yi kamar tauna. Shekara goma sha ɗaya yana ɗinke aikin ɓera, ya san hannunsa fiye da kowa. Da rana ya huda, da la'asar ya ɗinke.

Aka tara mu duka. Illa ya ɗaga kai ya yi murmushi.

"Bawana, barka. Tunku bakwai sun kasa, kai ka kama babban."

"Yau babu wasa, Illa."

Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa ba sai ranar.

"Nawa kake sayarwa?"

"Aika a duba ɗakina."

An riga an aika. Sojan da ya je Yantala ya dawo ya ce bai tarar da komai ba sai rabin tiyar gero, ita ma ta kasuwa ce, ba jar dawa ba.

"To, don me?" in ji Lajidan. Ya ɗaga murya, amma tambayar gaskiya ce, bai gane ba.

Illa ya gyara zama.

"Mon ajidan, ni ban yi lakwal ba, amma ga yadda na fahimci dokarku. Matar da ba ta da kati ba ta cin hatsin gwamnati sai ɓera ya fara sa baki. Haka ne ko ba haka ba? To, kun kori ɓera, ba ku naɗa kowa a wurinsa ba. Na ga kujera ba kowa, na riƙe masa kafin ya dawo."

Wani ɗan dako ya yi tari don ya danne dariya. Lajidan ya juya mana baya, ya tsaya yana kallon bango. Ni ina can baya, ina kallon takalmina.

A kwanakin nan, taɓa hatsin taimako gidan kaso ne, ba tambaya. Lajidan bai kai shi kaso ba. Ya kai shi bariki, aka aske masa kai, ya yi mako biyu yana ɗiban ruwa da sharar fili. Da ya fito aka ce aikinsa ya ƙare, ba takardar sallama, ba komai. Sojan ƙofa ya gaya mini Lajidan ya ce wa Illa, "Don kai Bagobiri ne ka ga rana." Illa ya ce, "Don kai Bazabarme ne ban yi mamaki ba." Iyakar abin da taubasantaka ta iya ke nan.

Kaftin ya zo ranar Litinin, ya ga buhuna ba huji, ya toshe hanci da hankici, ya ce madalla, ya shiga mota. Ba a kwaikwaya a ko'ina ba.

Matan sun ci gaba da zuwa. Ni aka ba fitar da shara, babu kuma abin fitarwa. Rana ta farko Inna Zali ta tambaye ni, "Ina ɗana?" Na ce ya yi tafiya. Ta dube ni ta ce, "Allah ya dawo da shi." Suka ragu zuwa goma, zuwa biyar. Wata rana na buɗe ƙofar baya ban ga kowa ba sai duwatsun da suke zama a kai. Ban san inda ta tafi da jikokinta ba. Na tambaya a sansanin waɗanda fari ya koro sau ɗaya, aka ce da wane suna aka rubuta ta.

Ma'aikatan nan bakwai kuwa, da Illa ya tafi ba wanda ya kula da ruwansu. Suka haƙa ƙarƙashin ƙofa suka fice. Gidan Lajidan na nan kusa, da kaji fiye da talatin a cikin waya, ba su taɓa ko ɗaya ba. Kajin matan unguwa suka bi ɗaya bayan ɗaya. Dama an ce tunku ya san surin da yake yi wa kashi. Kafin wata guda ɓeraye sun dawo ta ramin da tunku ya haƙa musu, shara ta dawo har ta fi ta da. Amma an riga an sauya doka don kada a sake samun mai irin tunanin Illa: duk abin da aka share, a zuba a buhu a kai bariki a ba dawaki.

Illa ya kafa tabarma a Katako, gefen masu hatsi, yana ɗinkin tsofaffin buhuna. Nan ya zauna har idonsa ya daina ganin kafar basilla. Ni na ci gaba da aiki, na zama magaziniye, na zama shef, wato shugaba, na ajiye aiki da takardar yabo. Duk Juma'a in na fito masallaci nakan biya wurinsa. Ya ce, "Mushe ya iso, a ba shi kujera," ya tura mini buhu in zauna. Bai taɓa kuka da abin da ya faru ba. In ya ba da labarin, na lamba huɗu yake bayarwa, 'yan kasuwa su yi ta dariya.

Sau ɗaya kawai ya taɓo wancan gefen. Mun tsufa a lokacin, muna cin goro, sai ya ce, "Ka san abin da ya kama ni, Mushe? Sojan ƙofa ya gaya mini daga baya. Kashi. Na yi haƙori, na yi kusurwa, na yi komai, na manta kashi. Shekara goma sha ɗaya ina share shi da hannuna!" Ya yi dariya har ya share ido. "Amma ka ga bawan nan nawa, na raina shi. Ban zaci Bazabarme zai sunkuya ya duba kashin ɓera ba. Wanda ya lura da wannan ya san aiki. A ba shi haƙƙinsa."

Na ce, "Haka ne, Yaya."

Ku da ke aikin magaza yanzu, kuna da maganin feshi da na'urori, ba za a kawo muku tunku ba. Za a kawo muku wani abu dabam, daga bakin wani baƙo da bai faɗi yadda aka ƙare ba, kuma mai yiwuwa ya yi aiki. Ban ce ku bar ɓera ya ci hatsi ba, aikinmu ne mu hana. Abin da na koya shi ne, duk ɓarakar da ta daɗe a magaza akwai mai tara hannu a ƙarƙashinta. Wani ɓarawo ne, wani kuwa ba shi da wata ƙofa sai ita. Kafin ka toshe, ka zagaya baya ka ga ko waye. Sannan sanin aiki dabam, sanin lokacin buɗe baki dabam. Na farko a shekara biyu ake koyonsa. Ni na biyun a rana ɗaya na koya, kuma ba ni na biya ba.

Yaya Illa ya rasu bayan ƙaramar Sallar da ta wuce, a Yantala, a ɗakin ɗiyarsa. Na je duba shi kwana huɗu kafin nan, da niyyar in faɗa masa. Na tarar da ɗakin cike da mutane, yana ba su dariya da 'yar muryar da ta rage masa. Na gaishe shi, ya riƙe hannuna, na ce zan dawo in an ragu. Har aka kai shi makwanci ban gaya masa cewa ni ne na duba ƙasa ba.